Kifin Ɗayyiba

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a Yalwa,
nan Garwa, gindin darbejiyar Hamajoda.
Kunnena ya san ciwon kowane akwati,
mai tari, mai shaƙuwa, wanda ɓera ya ci wa jijiya.
Amma in allura ta faɗa tashar Ingilishi
sai in murɗa in wuce,
kamar mai gilma ƙofar wanda ke binsa bashi.

Ɗayyiba tana aji biyu.
Da Hausa take kuka, da Fillanci take taya tumatir,
Faransanci ke kaɗa mata ƙararrawa.
Bana aka ƙara mata na huɗu.
Na ce, ina za a zuba shi? Tulun ƙarami ne.
Uwarta ta ce, kai dai sayo alli.

Malamarsu daga Bamenda ta zo, Madam Sirri.
Na ce, sunan ma bai ɓoye komai ba.
Yara tamanin da ɗoriya, littafi goma sha ɗaya,
kwano na tafasa bisa kansu tun hantsi,
ita kuwa sai ta kama kunnenta da yatsu biyu
ta yi shiru
har ajin ya yi shiru.
Wai kunne ne babban wa, ido ƙanensa, hannu auta.

Ran nan yarinyar ta kawo mini allonta,
haruffa uku jingine da juna kamar masu jiran mota.
Na karanta: sun.
Na jira. Sun me? Sun tafi? Sun ci? Sun dawo?
Ta yi dariya har giɓinta ya leƙo,
ta nuna sama da guntun alli:
Baba, rana ce! San ake cewa.
Ni da ranar Garwa ta gasa wa ƙeya shekara arba'in da shida
ban san tana da sunan ɓoye ba.

Rubutu ya fi gardama.
Wannan harafi tumbinsa gaba, wancan tumbinsa baya,
ta juya su, ta goge da yawu, ta goge da gefen riga,
ta yi fushi ta kwanta ba tuwo.
Da asuba na tarar da allon bakin ƙofa,
layi biyar, uku sun tsaya da ƙafarsu.
Sannan ta kawo ƙara:
Madam ta cire wa sunanta ƙugiya,
wai a can ba su da ita.
Na ce, ara musu sunan, ƙugiyar ki bar ta gida.

Jiya aka ɗauke wuta.
Na sa batir a akwatin wani direban auduga,
ina laluben tasha, tana tsugune tana tsince mini kusoshi.
Allura ta faɗa inda na saba gudu.
Hannuna ya tashi,
ta riƙe shi.
Tsaya.

Maganar na gudu kamar Binuwai cikin Agusta,
ja, mai kumfa, ba ka ganin ƙasa.
Ta kama kunne, ta runtse ido,
bakinta a buɗe kaɗan.
Babur ya wuce. Wani ya wuce.
Sai ta daka tsalle:
Wota! Ya ce wota!
Na ce, wata? Da rana tsaka?
Ruwa, Baba! Ruwa yake nufi!

Kalma ɗaya cikin kogin nan duka,
ɗan kifi, ko miya bai isa ba.
Ta ruga da shi gida yana motsi a bakinta,
ta nuna wa uwarta, ta nuna wa randa,
har akuya sai da ta gani.

Ni kuwa na zauna.
Direba ya zo karɓar kayansa, na ce gobe,
akwai sauran gyara.
Allah ya yafe mini, babu.
Na bar allurar inda take,
na kama kunnena da yatsu biyu,
ina jiran mutumin ya sake jin ƙishirwa.